Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitocin ƙarin girma na jami'o'inmu a Sakkwato: don Allah a riƙa karanta aikin kafin a ba shi maki

Assalamu alaikum warahmatullah.

Allah shi gafarta malamai, iyayenmu farfesoshi, shugabannin jami'a da na tsangayoyi, da duk wanda ke zama kan teburin da ake yanke wa malamin jami'a hukuncin ko ya hau ko ya tsaya inda yake.

Ni malami ne a ɗaya daga cikin jami'o'in garin ga, da yawanku kun koyar da ni a aji, saboda haka ba da rashin kunya na zo ba. Na rubuta a fili kuma da Hausa saboda maganar ga kullum ana yin ta, amma ƙarƙashin dogonyaro wurin aje motoci ko a gurup ɗin WhatsApp, da an shiga ɗakin taro sai kowa ya yi gum tunda fayil ɗinsa na hannun wani da ke zaune a wurin. Roƙona guda ne, a riƙa karanta abin da mutum ya rubuta a auna nauyinsa, yanzu ƙirga kawai ake yi, kuma ƙirgar ga ta fara lalata mu.

Ga mai karatu da ba ya cikin harkar, tsanin haka yake: ka shigo a mataimakin lakcara, ko ƙasa da haka in digiri ɗaya gare ka, ka hau lakcara 2, lakcara 1, siniya lakcara, rida, sannan farfesa. Tsakanin hawa da hawa akwai jiran aƙalla shekara 3, kuma a mafi yawan fannoni ba ka taka siniya lakcara sai da digirin digirgir. Fayil na tashi daga sashe ya je tsangaya ya wuce babban kwamitin naɗi da ƙarin girma, in kuwa rida ko farfesa ake nema sai an aika ayyukan ga farfesoshin wasu jami'o'i, galibi mutum 3, biyu daga ciki su ce ya cancanta. A takarda abu uku ake dubawa, koyarwa da bincike da hidimar al'umma, amma duk wanda ya taɓa cika fom ɗin ya san yawan maƙalu ne ke hawar da mutum, sauran biyun cikon shafi ne.

Kun fi ni sanin yadda zaman tantancewa yake a sashe. Teburi cike da ɗaurin maƙalu da anka yi wa bayindin, wani ɗaurin sai an tallabe shi da hannu biyu, fanka na kaɗa iska mai zafi, ana son a gama a miƙa wa tsangaya kafin la'asar. Sai a buɗe shafin farko, wace mujalla ce, ta gida ko ta waje, tana cikin Scopus, wato rumbun da ke jera mujallun bincike na duniya, ko ba ta, sunansa ne na farko ko na huɗu, a danna kalkuleta a rubuta maki a juya ta gaba. Ba na zargin kowa da ha'inci, mutanen kirki ne ke zaman, fom ɗin ne bai bar gurbin da za a rubuta "na karanta, ga abin da ya gano, ga inda ya yi rauni" ba. To ai ko dillalin albasa da ke zuwa Gada ko Kware ba ya biyan kuɗi don an ce masa buhu goma ne, sai ya kwance bakin buhu ya cusa hannu ya ga abin da ke ƙasa.

Na san dalilin da ya sa anka tsaurara, kuma ina tare da ku a kansa. An yi lokacin da kowane sashe ke da mujallarsa, edita abokinka ne, ka ba shi maƙala yau ta fito wata mai zuwa ba wanda ya duba ta, ga littattafan karramawa da ake haɗawa in wani babba zai yi ritaya kowa ya jefa babi a ciki a ƙirga masa. A 2019 hukumar NUC mai kula da jami'o'i da kanta ta ce ta gano farfesoshin bogi kusan 100 a jami'o'in ƙasar ga. Sannan masu jera jami'o'in duniya irin su Times Higher Education da alƙaluman Scopus suke aiki, duk shugaban jami'a kuwa yana son ya ga sunan jami'arsa a jerin. Saboda haka ba ina cewa a sassauta ba ne, wallahi in da za a koma karanta aiki da gaske wasunmu sai sun fi shan wuya fiye da yanzu.

Matsalar ita ce da zarar an ce lamba ake so, mutane za su nemo lambar ta kowace hanya. Yanzu kusan kowane malami na samun imel daga mujallun da bai taɓa jin sunansu ba, suna yabonsa suna cewa ya turo maƙala za su buga cikin kwana kaɗan, ya tura, ba a gyara ko waƙafi ba sai ga takardar amincewa da lambar asusun da zai zuba dala. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado ta Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗanga mujallu 'yan damfara har ya sauke jerin a Janairun 2017, kuma tun daga nan ba raguwa sunka yi ba. Shi kansa Scopus ɗin ba katanga ba ne, yana cire mujallu lokaci zuwa lokaci, sai yaro ya ci bashi ya biya ya buga, kafin fayil ɗinsa ya iso gabanku an cire mujallar, kuɗi sun tafi maki bai samu ba. A 2023 kamfanin buga mujallu na Hindawi da ke ƙarƙashin kamfanin Wiley ya janye maƙalu sama da 8,000 saboda an gano na 'yan kasuwar maƙala ne, alhali mujallunsa da dama na cikin manyan rumbunan da muke rantsuwa da su. Nawa ne daga irin waɗanga maƙalu sunka riga sunka hawar da mutane a faɗin duniya?

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, "a saka sunana". Ku shiga wayar kowane ƙaramin lakcara za ku ga saƙon: Malam na ji kana da maƙala za ta fita, a saka ni, zan kawo nawa kason na kuɗin bugawa, in tawa ta tashi ni ma in saka ka. Mutum biyar su haɗu kamar adashi, kowa ya rubuta ɗaya ya tashi da biyar. Har ta kai kana ganin sunan mutum a maƙalar fannin da ko hanyar sashen bai sani ba. Wani lokacin ma ba roƙo ba ne, ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya san in bai jera sunayen wasu manya a maƙalarsa ba to zai daɗe bai ga ranar kare kundinsa ba. Yaran da muke koya wa wanga hali su ne za su zauna kujerunku nan da shekara 20, kuma abin da sunka tarar shi za su ɗauka a matsayin ilimi.

Maganar kuɗi kuma, Allah shi gafarta malamai, ku dubi lissafin. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 ga wanda ke son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta kyauta a 2021, wannan a bar shi ma, mujallu matsakaita da yawa na karɓar dala 1,000 zuwa 3,000. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, ke nan maƙala ɗaya ta dala 2,000 ta kama naira miliyan 3. Lokacin yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 duk ƙasa ta ji cewa albashin farfesa bai kai naira 500,000 a wata ba, ko da ɗan ƙarin da anka yi daga baya miliyan 3 albashin watanni ne ga farfesa balle lakcara 2 mai mata da 'ya'ya da haya. Gaskiya ne akwai mujallu masu kyau da ba su karɓar ko sisi, amma can layi ne mai tsawo, shekara na iya wucewa ana kai da komo, kuma suna son bincike da anka yi da kayan aiki, wanda shi ma daga aljihunka za ka sayi sinadarai ka sa wa janareto mai ka biya kuɗin gwajin samfur a wani gari. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ba da tallafin bincike da na zuwa kwanfarans, mun gode, amma bai kai ga kowa ba kuma ba ya zuwa daidai lokacin da agogon ƙarin girma ke bugawa. In jami'a ta wajabta Scopus to ta ware asusun biyan kuɗin bugawa, kuma laburare ya riƙa fitar da jerin mujallun da anka yarda da su kowace shekara domin yaro ya duba kafin ya tura kuɗinsa. In ba haka ba ƙarin girma zai koma na wanda ke da gona ko shago a gefe.

Yanzu in zo kan abin da ya shafi Sakkwato musamman, don shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Jami'ar farko a garin ga an kafa ta a 1975, daga baya anka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kowa ya san ba don komai ba sai don garin ilimi ne tun kafin Bature ya zo. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar rubuce-rubuce ɗaruruwa, Nana Asma'u ta yi nata da Larabci da Fulfulde da Hausa, har yau akwai takardu a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da gidajen malamai da ba a yi musu tahƙiƙi ba, wato ba a gwada kwafe-kwafensu an tace an buga ba, gara da zafi na cin su. Murray Last da ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967, a gaban Waziri Junaidu ya zauna, da takardunsa ya yi aiki, duniya kuma ta karɓi aikin. To mu fa, wane matsayi fom ɗinmu ya ba wanda ya yi irin wanga aiki?

Na ga wani abokin aiki yana tahƙiƙin wani littafi na malaman jihadi. Kwafi ɗaya a nan gari, ɗaya a Kaduna, wani a hannun wani tsoho a ƙauye wanda sai da anka yi ta zarya da gaisuwa kafin ya yarda a ɗauki hoto. Ya shimfiɗa su a tabarma yana bin layi layi da ɗan yatsa, nan mai kwafi ya tsallake kalma, nan tawada ta cinye, nan ruwa ya taɓa gefen takarda, sai ya koma wani littafin ya gano ayar ko baitin da marubucin ke nufi, shekaru yana kan abu guda. Da ya gama anka buga a gida, wurin maki sai ga shi mutumin da ya yanka bincike ɗaya gida huɗu ya watsa a mujallu huɗu ya wuce shi nesa. Yanzu ƙananan malaman da sunka ga haka, wa zai ce musu su bi sawunsa? Kowa ya gane takardun kakanninmu ba su hawar da mutum.

Haka masu nazarin Hausa da Fulfulde da Larabci. Rumbunan nan na waje mafi yawan abin da ke cikinsu da Turanci ne, kuma sun fi ƙarfi a kimiyya da likitanci, mai nazarin waƙoƙin makaɗan fada ko karin harshen Sakkwatanci in ya rubuta da Hausa masana fanninsa na Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina da Yamai ne, a mujallun gida suke haɗuwa. In kun ce sai mujallar waje kun ce masa ya bar masu iya kama kurensa ya je ya rubuta wa waɗanda ba su san abin da yake faɗi ba. Awon da za a yi wa masanin kemistiri daban, na masanin adabi daban, kowace tsangaya a bar ta ta kawo ma'auninta a tsaurara shi a cikin fanninta. Mujallun gida kuma gyara su za a yi, Sokoto Journal of Veterinary Sciences da Sahel Medical Journal ai daga garin ga suke fita kuma ana samunsu a intanet ana karantawa, sauran ma a tilasta musu bitar masana ta gaskiya da fita kan lokaci da hawa intanet, wadda ta cika sharaɗi a ba ta maki cikakke, wadda ta kasa a soke ta ko ta wane ce.

Ko a kimiyyar ma akwai gyara. Asibitin yara masu cutar noma, mai cin naman baki da fuska, yana nan Sakkwato tun 1999, amma sai Disambar 2023 hukumar lafiya ta duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da anka yi sakaci da su, wato shekara da shekaru wanda ya ba da ransa ga binciken cutar da ke cin fuskar 'ya'yan talakawanmu yana aiki ne a kan abin da manyan mujallu ba su cika waiwaya ba. Wanda ya samo yadda manomi zai adana albasa ta rage ruɓewa, ko ya yi aiki kan kiwon jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna a duniya, ko ya ƙera na'urar busar da kayan lambu da hasken rana irin aikin da cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato ke yi, ya je ƙauye ya koya wa mutane da Hausa ko ya yi bayani a rediyo, duk wannan sai a jefa shi ƙarƙashin hidimar al'umma a ba shi ɗan makin da bai taka kara ya karya ba, kusan daidai da zama mamba a kwamitin shirya walima. A nemi hujja mana, rahoto, shaidar waɗanda sunka amfana, a tura wani ya gani da ido, in ta tabbata a ba shi nauyinsa.

Koyarwa kuwa ba ma a maganarta. Malamin da ke ɗauke da kwas na 'yan aji ɗaya mai ɗalibai ɗaruruwa, ya yi makin takardunsu cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, dare babu wuta yana haska fitilar waya, ga furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe, ga haɗa sakamako, da wanda ke leƙa aji sau biyu a simista ya bar wa ƙaramin malami sauran, makinsu na koyarwa kusan ɗaya ne, na biyun ma ya fi samun lokacin rubutu sai ya riga hawa. Iyaye ba don maƙalunmu sunka turo 'ya'yansu ba. A riƙa jin ta bakin ɗalibai ta hanyar da ba za a gane mai magana ba, manya su riƙa shiga aji suna ganin yadda ake koyarwa, a duba yawan kwas da ɗaliban da mutum ya ɗauka. 'Yan'uwanmu mata kuma da haihuwa da reno ke cinye musu shekara ɗaya ko biyu a daidai lokacin da ake son su tara maƙalu, a duba ingancin abin da sunka samu yi, kada a ce ai wane da kunka shigo tare ya ninka ki.

Kada a ce wannan ra'ayin raggo ne, waɗanda munka kwaikwayo ƙirgar daga wurinsu sun fara barin ta. Tun Disambar 2012 masana sunka haɗu a San Francisco sunka tsara sanarwar da ake kira DORA, cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a auna aikin kansa. Chaina a 2020 ta umarci jami'o'inta su rage dogaro da ƙirgar maƙalun rumbunan waje wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma, Jami'ar Utrecht ta Holan a 2021 ta ce ta daina amfani da lambar tasirin mujalla, wato ƙirgar yawan ambaton maƙalun mujallar, wurin auna ma'aikatanta. A Birtaniya tantancewar bincike ta 2021 ba ta karɓi fiye da aiki 5 daga malami ɗaya ba, kuma masana ne ke zama su karanta. Mu ma za mu iya, a bar mafi ƙarancin adadi a matsayin sharaɗin shiga, amma mai neman siniya lakcara zuwa sama ya zaɓo ayyukansa 5 da ya fi alfahari da su, ya rubuta shafi ɗaya kan abin da kowanne ya ƙara wa ilimi da abin da shi da hannunsa ya yi a ciki, ya zo gaban tsangaya ya gabatar a yi masa tambayoyi. Wanda anka saka sunansa kawai, minti goma ba za su cika ba za a gane.

A Amurka tun 1940 ƙungiyoyin malaman jami'a da na kwalejoji sunka tsara cewa bayan gwajin da bai wuce shekara 7 ba a tabbatar wa malami kujerarsa dindindin, domin ya iya faɗin abin da bincikensa ya nuna ba tare da tsoron kora ba. Mu a nan tabbatar da aiki bayan shekara 2 ko 3 kusan kowa na samu, saboda haka tsoron bai tsaya a can ba, ya koma kan ƙarin girma, nan ne ake iya riƙe mutum. Fayil ɗin rida ko farfesa ya tafi wurin masu tantancewa na waje ya yi shekara, wani ya fi, mai shi bai san ko an aika ba ko yana cikin durowa, ba ya iya tambaya kada a ce ya cika gaggawa, in ya fito an mayar da kwanan wata baya sai kuma a shiga jiran ariyas. Wanga duhu ne ke sa malami ya haɗiye gaskiya a taron sashe. A sa wa'adi, in mai tantancewa ya wuce wata 3 ko 4 bai amsa ba a sauya shi, a biya su haƙƙinsu da wuri don su ma aiki ne suke yi, a riƙa aika ayyukan ta intanet, a sanar da mai fayil matakin da yake, in kuma an ce bai cancanta ba a ba shi rahoton ba tare da sunan marubucin ba domin ya san abin da zai gyara, a kuma buɗe masa ƙofar ɗaukaka ƙara gaban waɗanda ba su ne sunka yanke na farko ba.

In Allah ya kai mu lokacin sake duba kundin ƙa'idojin ƙarin girma, ina roƙon a turo daftarin sassa a tattauna kafin ya je majalisar jami'a, a sa lakcara 1 da lakcara 2 cikin kwamitin tunda a kansu dokar za ta fi aiki. Kuma duk sabon sharaɗin da anka kawo a ba shi tazarar shekara 3 kafin ya fara aiki, don wanda ya riga ya buga ayyukansa bisa tsohuwar ƙa'ida kada a wayi gari a ce masa ba su da amfani.

Wassalam.

Ɗalibinku kuma abokin aikinku,
wani malamin jami'a a Sakkwato